Babi na Shida: Ƙidayar Itatuwa da Zana Taswirar Fili Kafin a Fara Haƙar Ma'adinai

Darasi na ɗaya

Idan kamfani ya nemi haƙar zinariya ko kuza a ƙasar garinku, dokar ma'adinai ta Najeriya ta shekarar 2007 ta wajabta masa biyan diyyar amfanin gona da itatuwan amfani da aikinsa zai lalata, kuma tun 1992 akwai dokar da ta ce a binciki illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a soma shi. Kamfani zai turo masanansa su yi ƙidaya, amma ku ne kuka san ɗorawar da ba ta fashin 'ya'ya, da kaɗanyar da mata ke tsince ƙwararta da damina. Wanda ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a Jos ya san cewa idan katafila ta bi ta kan fili, ba sauran shaida sai abin da aka rubuta.

Darasi na biyu

Ku fita ku uku, ku riƙe littafin rubutu da fensir da tef ɗin tela da fenti da igiya mai tsawon mita 20. Da hantsi ku fuskanci gabas, hannunku na hagu shi ne arewa, sai ku rubuta "Arewa" a saman takarda. Daga nan ku zana iyakar filin, ku sa rafi da rijiya da burtali da maƙabarta, kowanne a gefen da yake. Kada kowa ya ji kunya don zanensa ya karkace, abin da ake so shi ne baƙo ya duba ya gane wurin. Sai ku raba filin da igiya gida-gida, mita 20 tsawo, mita 20 faɗi, kowane gida da lambarsa.

Darasi na uku

Nan ne nake so ku tara hankalinku. A gindin kowace bishiya aiki uku ne: a auna, a shafa fenti, a rubuta. Mutum na farko zai zagaya tef a jikinta daidai ƙirjinsa, wato mita ɗaya da santimita 30 daga ƙasa. Na biyu zai shafa fenti. Sai an shafa fenti na uku zai rubuta, misali: "Gida na 4, kaɗanya, kauri santimita 120, tana 'ya'ya."

Fenti kafin rubutu. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari, hannunsu mai kyau, sun dawo da takarda cike, amma da muka koma filin sai muka tarar tsamiya ɗaya ta shiga lissafi sau uku, wata kuka kuma ba ta shiga ba ko kaɗan, domin mai fenti ya wuce gaba yana hira. Ba laifin ƙwaƙwalwa ba ne, itatuwa ne ke kama da juna idan rana ta take. Saboda haka mai rubutu kada ya ɗora fensir a takarda sai ya ga fenti da idonsa. Idan ya yi shakka, ya tambaya: "Malam, an shafa?" Idan ba a shafa ba, a tsaya a shafa. A shafa a gefen arewa kullum, domin mai dubawa ya san inda zai nema. Za ku iya, da yardar Allah, kwana biyu ya isa hannu ya saba.

Amma bari in gaya muku gaskiya, na gaji da jin "ai mun gane ta." Ba ku gane ta ba. Ma'aikacin kamfani ya kama bishiya ɗaya da aka ƙirga sau biyu, zai yi watsi da takardar gaba ɗaya, wahalar mutanen gari ta tafi a banza saboda ganganci. Bishiyar da ba fenti ba a ƙirga ta ba, wadda ke da fenti ba a sake ƙirga ta. Ku maimaita wannan da baki kafin ku shiga kowane gida.

Ku kuma lura: gawo yana zubar da ganye da damina, kuka tana zubarwa da rani, kada a rubuta su a matsayin matattu.

Darasi na huɗu

Sabara da kalgo da geza ba a auna kaurinsu, ana ƙirga gindi ne kawai. Ciyawa kamar gamba a duba ta ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, a rubuta ko ta rufe rabin gida ko kwata. Ku tafi da makiyayi ko mai maganin gargajiya ya faɗa muku sunaye.

Darasi na biyar

Ku kwafe takardar sau uku, ku sa kwanan wata. Mai gari ya sa hannu ya riƙe ɗaya, mai gona ɗaya, a miƙa wa kamfani ta ukun a gaban shaidu.