Yadda Za Ka Kalli Wasan Army da Navy Ka Fahimci Abin da Kake Gani

Kowace shekara a watan Disamba, galibi ranar Asabar ta biyu, ɗaliban makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa ta Amurka da ke West Point sukan kara da takwarorinsu na sojan ruwa da ke Annapolis a wasan ƙwallon Amurka, wato wanda ake rungumar ƙwallo a hannu ana bangazar juna. Sunan da kowa ya san wasan da shi shi ne Army da Navy, wato sojan ƙasa (West Point) da sojan ruwa (Annapolis). Wanda ya kunna talabijin daidai lokacin da aka take wasa, ya kashe da jin busar ƙarshe, abin da ya wuce shi ya fi abin da ya gani, domin mafi daɗin al'adun wannan rana suna faruwa ne kafin wasa da bayansa. Saboda haka abu na farko shi ne ka ware daren gaba ɗaya. Yawanci ana farawa da ƙarfe 3 na rana agogon gabashin Amurka, wanda ya yi daidai da ƙarfe 9 na dare a Najeriya da Nijar, wasan kuma yakan ci sa'o'i uku ko fiye, tashar CBS ce ke nuna shi.

Kafin ranar ta zo, ka san su wane ne za su kara. An kafa makarantar West Point a 1802 a bakin kogin Hudson da ke jihar New York, ta Annapolis kuma a 1845 a jihar Maryland. Karawarsu ta farko a ranar 29 ga Nuwamba, 1890 aka yi ta a filin West Point, inda Navy ta ci 24 da nema, kuma tun daga 1930 ba a taɓa tsallake shekara ba. Birnin Filadelfiya, wanda yake kusan tsakiyar makarantun biyu, shi ya fi karɓar baƙuncin wasan. Abin da ya kamata ka riƙe a zuciya shi ne duk ɗan wasan da za ka gani a fili ɗalibin soja ne da ke tashi da asuba, ya yi fareti, ya shiga aji kamar kowa, kuma idan ya kammala akwai aƙalla shekaru 5 na aikin soja da ke jiransa.

Idan ka samu tashar da ke nuna shirye-shiryen share fage, kada ka bari faretin shiga fili ya wuce ka. Sa'o'i kafin a fara wasa, ɗaliban kowace makaranta, fiye da 4,000 a kowane ɓangare, sukan shigo sahu-sahu, rukuni bayan rukuni, har su rufe filin baki ɗaya. Da tufafi za ka bambance su: na West Point suna cikin dogayen kwat masu launin toka, na Annapolis kuma cikin kwat masu duhu da fararen huluna. Ka lura da inda kowane ɓangare ya nufa bayan fareti, domin wurin da suka taru zai yi maka amfani a ƙarshen dare. Ka kuma lura cewa a tsaye suke kallon wasan, ga shi lokacin hunturu ne.

Daga nan sai abin da suke kira musayar fursunoni, wanda sunansa kan ruɗa baƙo. Makarantun biyu suna aika wa juna 'yan ɗalibai kaɗan su yi zangon karatu ɗaya a can, don haka a ranar wasa waɗannan ɗalibai suna hannun abokan hamayya. Sai a fito da su tsakiyar fili cikin tsari irin na soja, a miƙa kowa ga mutanensa, su ruga da gudu su shige cikin 'yan'uwansu don su kalli wasan tare. A gefen fili kuma za ka hangi dabbobi: alfadarai na Army ne, tun 1899 ake zuwa da su, bunsuru mai suna Bill kuma na Navy. An sha satar wa juna waɗannan dabbobi gab da wasa, har a 1991 ɗaliban Annapolis suka kwashe alfadaran West Point, abin da hukumomin makarantun suka hana daga baya.

Dokokin wasan ba su kai yadda ake tsoronsu wuya ba. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, ana yin zango 4 na minti 15 kowanne. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama 4 ya ci gaba da yadi 10. Idan ya cimma haka a sake ba shi wasu 4, idan ya gaza ƙwallo ta koma hannun abokin karawa. Shiga da ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, bugun da ke biyo baya maki 1, bugawa tsakanin sanduna daga cikin fili kuma maki 3. Ka riƙa duban rawayen layin da talabijin ke zanawa a ƙasa, shi ne iyakar da ake neman kaiwa.

Inda ya kamata ka zuba ido sosai shi ne salon harin. Sauran jami'o'i sun fi son jefa ƙwallo ta sama, amma makarantun soja sun daɗe suna dogara da gudu da ita a ƙasa, kuma akwai dalili. Ƙa'idojin nauyin jiki na soja da wajabcin yin aiki bayan karatu suna hana su samun ƙattin 'yan wasan da ke hanƙoron shiga gasar ƙwararru, don haka sai suka nemi dabarar da za ta rage amfanin girman jiki, ta kuma cinye lokaci. Ga yadda take: jagoran hari yakan karɓi ƙwallo ya cusa ta a cikin mutumin da ke tahowa daga bayansa, amma bai sake ta ba, idonsa yana kan wani mai tsaron baya da aka bari da gangan ba a tare shi ba. Idan mai tsaron bai taɓa mai tahowar ba, sai ya sakar masa ƙwallon. Idan ya afka masa, sai jagoran ya zare ta ya bi gefe da gudu, a can ma ya sake duban wani mai tsaron, ko ya riƙe ta ya kutsa da kansa, ko ya wurga wa na uku da ke binsa a gefe. Duk wannan a cikin daƙiƙa biyu ko uku yake faruwa, har mai ɗaukar hoto kan bi wanda ba ya da ƙwallo. Shawarata ita ce ka daina neman ƙwallon da ido, ka kalli mai tsaron da aka bari shi kaɗai, domin motsinsa ne ke yanke hukunci. Da wannan salo hari ɗaya kan ci minti 8 ko fiye, makin kuma bai cika yawa ba; a 2023 da 17 da 11 aka tashi. Wasu na ganin hakan gajiyarwa ne, ni kuwa a nan nake ganin horon sojan a fili, domin kuskuren mutum ɗaya yana rusa aikin goma.

Lokacin hutun rabin lokaci, idan shugaban ƙasa ya halarta, ka jira ka ga ya tsallaka fili daga wannan ɓangare zuwa wancan, domin shi ne babban kwamandan duka biyun, bai kamata a ce ya karkata ba. Theodore Roosevelt ne shugaba mai ci na farko da ya halarta, a 1901. Masu sharhi za su ambaci kofin babban kwamandan askarawa, wanda tun 1972 ake takara a kansa tsakanin waɗannan biyu da makarantar sojan sama da ke Colorado. Za ka kuma ji suna tuna 1963, shekarar da aka ɗage wasan zuwa 7 ga Disamba saboda kisan Shugaba Kennedy, Navy ta ci 21 da 15 bayan lokaci ya ƙare wa Army saura yadi 2 ta shiga, kuma a ranar ce aka fara maimaita hoton wasa nan take a talabijin. Haka nan 2016, lokacin da Army ta ci 21 da 17 a Baltimore bayan ta sha kaye sau 14 a jere.

Idan an busa tashi, kada ka taɓa na'urar sauya tasha. 'Yan wasan ɓangarorin biyu, da wanda ya ci da wanda aka ci, sukan haɗu su nufi inda ɗaliban da aka doke suke tsaye, su jeru a gabansu a rera taken makarantarsu, waɗanda suka yi nasara suna tsaye a baya cikin ladabi, hular kwano a hannu, ba mai tsalle ba mai ihu. Sai an gama wannan sannan dukansu su tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren a rera taken masu nasara. Shi ya sa duk tsawon shekara burin kowace makaranta, a bakin ɗalibanta, shi ne ta rera nata a na biyu. Ka dubi fuskokin 'yan ajin ƙarshe a wannan lokaci, za ka ga hawaye a ɓangarorin biyu, domin mafi yawansu sun kusa rabuwa da ƙwallo ke nan, nan da watanni kaɗan za a ɗaura musu anini a tura kowa inda aka ga dama. Ka kuma saurara har baitin ƙarshe, inda ɗaliban Annapolis ke rufe takensu da kira da murya ɗaya cewa a doke Army, ko sun ci a ranar ko an ci su.