Idan sitiyari na rawa a kan babban titi

'Yan uwa masu tsofaffin motoci, in kun hau hanyar Zariya ko ta Abuja, sitiyari ya fara karkarwa wajen gudun kilomita 90 zuwa 110, kada ku yi saurin zuwa kasuwar Panteka sayen kayan gyara. A fara da balansin taya, wato daidaita nauyinta, shi ne mafi araha. In sai an taka birki sitiyarin yake rawa, faifan birki ne.

In ba su ba, a ɗaga gaban motar da jak. Kama taya dama da hagu ka girgiza: in tana wasa, tayarod ne, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Sama da ƙasa kuwa, boljoyin (mahaɗin ƙafar mota) ko boris (abin da taya ke juyawa a kansa). Leƙa robar bushin da ke ƙafar mota ma, ramuka na cinye ta.

Bayan an canza abin da ya lalace, a yi alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai, in ba haka ba taya za ta ci gefe ɗaya.