Yadda nake sa ɗalibai su riƙe kalmomin balaga da mantiƙi

Ranar da na fara rubuta "balaga", wato ilimin fasahar magana, a kan allo a ajin 'yan sakandare, sai na ji ƙus-ƙus daga baya. Su abin da suka sani, yaro ne ke balaga. Ban hana su dariya ba, don sun taɓo gaskiya: tushen kalmar a Larabci ɗaya ne, ma'anarsa isa ko kaiwa. Yaro ya kai munzalin girma, magana kuma ta kai zuciyar mai sauraro. Tun daga ranar babu wanda ya sake manta ta.

To, matakin farko ke nan. Kafin ka haddace kowace kalma, nemi danginta da ke bakinka tun kana yaro. "Adabi" da "ladabi" kalma ɗaya ce ta shigo mana sau biyu, ɗaya ta taho da harafin "al" na Larabci manne da ita. "Mantiƙi", wato ilimin tunani da kafa hujja, daga kalmar Larabci mai nufin furuci ya fito. Ƙamusun Bargery na 1934 yakan nuna kalmar da aka aro daga Larabci, saboda haka ka riƙa leƙa shi.

Sai ka sayi littafin rubutu mai ganye arba'in, ka ware wa kowace kalma shafi guda. A sama kalmar, a ƙasa misalin da ka ji da kunnenka, a kasuwa ko gidan biki ko bakin kakarka. Misalin malami na malami ne, ba ya zama a kai. Kambamawa, alal misali, kada ka rubuta ta sai ka ji maroƙi ya ce wa wani ya fi ruwan Kwara yawa.

Wurin da nake daɗewa da ɗalibai shi ne inda karatun zaure da na boko suka saɓa. Idan na ce "Audu kamar zaki yake", kowa ya yarda: masu nazarin waƙar Hausa su ce kamantawa, malamin balaga ya ce tashbihi. Idan na ce "Audu zaki ne", a ajin Hausa sunanta siffantawa, kuma da yawa sukan zaci ita ce isti'ara. A zaure za a gyara maka zama. Muddin Audu da zaki suna cikin jimlar su biyun, tashbihi ne, sai dai an cire "kamar", ana ce masa baligi. Isti'ara sai ka jefar da ɗaya, ka ce "zaki ya shigo fada", alhali mutum kake nufi. Na ga masu digiri suna cakuɗa waɗannan, kuma abin yana damuna, domin a nan daɗin ilimin yake. Don haka a gefen kowane shafi ka rubuta maƙwabciyar kalmar da abin da ya raba su. Haka za ka yi wa habaici da zambo, da amsa-amo da kari.

Mantiƙi ya fi wuya, saboda kalmominsa sun yi kama da namu na yau da kullum. Mu idan muka ce abu ba shi da fasali, tsarinsa muke kushewa. A mantiƙi kuwa fasali shi ne abin da ya raba wani nau'i da sauran 'yan jinsinsa. Ni misali ɗaya nake ɗora kalmomi biyar a kai, wanda masu karanta Sullam, littafin mantiƙi na Ahdari, suka saba da shi: mutum nau'i ne, jinsinsa dabba, fasalinsa magana da tunani, dariya hassarsa ce, wato siffar da ya keɓanta da ita, tafiya kuwa arali ce, wato siffar da ya yi tarayya da akuya a cikinta. In ka riƙe wannan, sauya mutum da doki ka sake jerawa da kanka.

Kalma uku a mako ta isa. Ran Juma'a ka ɗauki baiti ɗaya na rubutacciyar waƙa, ko ƙwar biyu ce, ka nemo su a ciki, sannan ka bayyana wa ƙanenka da baki, littafin a rufe. Inda ya ce "ban gane ba", shafin nan za ka koma ranar Asabar.