Yadda za ka fara wa yaronka kiwon tantabara

Iyaye da yawa na kuka wai yara sun maƙale wa waya, to ni dai abin da ya raba ɗana da gem ɗin waya tantabara ce, biyu kacal, mace da namiji. Shekararshi goma, yanzu ko karyawa bai yi da safe sai ya leƙa su, in ya taso daga Islamiyya kuma can za ka ganshi tsugune yana watsa gero.

Kafin ka sawo komai fara da wurin kwana. Ba sai ka kira kafinta ba, tsohuwar tukunyar ƙasa ko akwatin katako ya isa, amma a ɗaga shi sama sosai jikin bango inda kyanwa da ɓera ba za su kai ba. Kuma don Allah kar a sa su ƙarƙashin kwano tsirara, kun dai san zafin Sakkwato daga watan Maris zuwa Mayu, ya kan wuce digiri 40, kwanon nan in ya ɗau rana gasa su zai yi. A nemi gefen inuwa, in akwai bishiyar dogon yaro a gidan to shi ke nan. Lokacin hunturu kuma a rataya buhu ta ɓangaren da iska ke bugowa.

Wurin saye ka tafi da yaron, ko kasuwa ko wurin wani mai kiwo a unguwa, ka bar shi ya zaɓi kalar da yake so, kai naka kawai duba lafiya: ido garau, gashi a kwance, ba mai zaman takure ba. Namiji shi ne mai kumbura wuya yana kuka yana zagaya macen, amma ka tambayi mai su ya haɗa maka waɗanda suka riga suka saba da juna.

Ga inda mutane ke asara. Tantabara ba ta manta gidansu, in ka sake ta ranar da ka kawo ta, kafin magariba ta koma wurin mai ita. Mu haka ta faru da mu karon farko, yaron ya buɗe su kwana uku da sayowa don ɗoki, suka yi sama ba su waiwayo ba, ranar ko tuwo bai ci ba. Sai a rufe su kamar sati biyu zuwa uku, in sun yi ƙwai ma ya fi, don ba su barin ƙwansu. Ranar da za a fara sakinsu a yi da yamma kafin a ba su abinci, yunwa za ta maido su.

Abinci ba wahala, gero da dawa safe da yamma, da ɗan yashi mai tsakuwa a gefe don shi ke taimaka masu niƙa hatsi a ciki, ruwa kuma a canza kullum. Wannan aikin yaron ne, kar mamanshi ta karɓe mashi don tausayi, in ya manta a tuna mashi kawai. Shara ma shi zai yi, sai dai ya yayyafa ruwa kafin ya share saboda ƙurar kashin, ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama. Yaro mai asma gara a nema mashi wani abin daban. Kashin kuma kar a zubar, taki ne mai ƙarfi, masu lambu na so.

Ƙwai biyu suke yi, mace da namiji na karɓa-karɓa wurin kwanci, wajen kwana 18 sai ka ga 'yan shila tsirara da ɗan gashi rawaya. Nan ne za ka yi ta fama da yaro kar ya riƙa taɓa su. Bayan kamar wata ɗaya sun yi gashi sun fara gwada fiffike, to tun kafin lokacin ku zauna da shi ku yi magana, sayarwa za a yi ya sayi hatsi da kuɗin ko barinsu za a yi su ƙaru, kar a wayi gari a yanka mashi su ba da saninshi ba.