Saita kulocin mai bayan an sa sabo: iska tukuna, sannan awo, sannan sifana

Da yawa daga motocin da ke komawa gareji a Gombe kwana biyu bayan an canja musu kuloci, ba kayan ne marasa kyau ba. Saiti ne ba a ƙarasa ba. Direba ya ce giya na ƙara, ko feda ta yi laushi, sai yaron gareji ya shiga ƙarƙashin sitiyari ya hau murɗa sandar feda. Nan ake ɓata aikin, domin kuloci mai aiki da mai ba kamar na waya ba ne. Shi da kansa yake cike giɓin da cinyewar farantin kuloci ke bari. Abin da ya rage wa bakanike kaɗan ne, amma sai an bi shi daki-daki.

Feda tana tura sanda cikin masta na sama, shi kuma ya tura mai ta bututu zuwa masta na ƙasa da ke jikin giyabos, na ƙasan ya tura ƙarfen da ke danna boris a kan farantin matsi. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Shi ya sa ɗan kumfa guda a cikin bututu zai cinye rabin tafiyar feda kafin boris ya motsa.

Saboda haka a fara da mai. Duba murfin robar da ake zuba man a ciki, a nan aka rubuta irin man birkin da motar ke sha, DOT 3 ko DOT 4. Kada a sa DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da waɗancan. Man inji ko man giya kuwa kumbura robobin cikin masta yake yi, masta na sama da na ƙasa duka sai sun mutu. A nemi gwangwanin da ba a fasa ba, na tsiyaye da ake sayarwa a gorar ruwa a bakin tasha ya riga ya sha danshi, ga ƙurar hunturu. Rabin lita ya isa aikin har ya yi saura. In ya ɗiga a jikin mota a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Za a buƙaci siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, kwalba mai ɗan mai a gindinta, da sifana lamba 8 ko 10, gwargwadon motar. A goge ɗan notin fitar da iska da ke jikin masta na ƙasa, a sa masa tiyon, ɗaya bakin ya nutse cikin man kwalbar. Na cikin mota ya taka feda a hankali sau uku zuwa biyar, ya riƙe ta a ƙasa. Na ƙasa ya kwance notin kamar kwata na zagaye, mai da kumfa su fito, ya ɗaure, sannan ya ce "saki". In aka saki feda noti na buɗe, iska ce za ta koma. Sau da yawa fedar ba ta tasowa da kanta a zagayen farko, a ɗago ta da hannu, ba matsala ba ce. A yi ta maimaitawa har man ya riƙa fitowa garau babu kumfa.

Bayan kowane zagaye biyu ko uku a leƙa robar man. A yawancin motocin Turai, kuloci da birki roba ɗaya suke sha, kuma bakin da ke ba kuloci yana sama da na birki. Za ka ga akwai mai a robar, alhali kuloci ya riga ya fara zuƙar iska. A riƙe shi kusa da layin sama har a gama. Kuma in masta na ƙasa sabo ne, a tabbata notin iskarsa sama yake kallo, domin iska sama take taruwa. Kada a taka feda alhali an kwance masta na ƙasa daga jikin giyabos, fistin da ke cikinsa zai faso waje.

Sai iska ta fita tas sannan a ɗauko rula. Abu biyu ake aunawa. Na farko, taɓa feda da yatsa ɗaya a hankali har ka ji sanda ta taɓa fistin masta na sama. A motocin Toyota da yawa wannan ɗan wasan milimita 1 zuwa 5 ne a kan feda. Na biyu, ci gaba da dannawa da hannu har ka ji nauyin kuloci ya fara, wannan kuma milimita 5 zuwa 15. Kowace mota da awonta a littafinta, wanda yake da shi ya bi nasa.

In awon bai yi ba, a sassauta notin kulle da ke kan sandar, galibi lamba 12 ne, a juya sandar rabin zagaye, a sake aunawa. Rabin zagaye a sanda yana zama milimita da dama a kan feda, don haka babu gaggawa. Kafin ma a juya, a girgiza fil ɗin da ya haɗa sanda da feda. In raminsa ya cinye ya yi faɗi, wasan daga nan yake, fil da bushinsa za a canja.

Haɗarin da ya fi girma shi ne tsawaita sanda fiye da kima. A cikin masta na sama akwai ɗan rami da mai ke komawa roba ta cikinsa idan an saki feda. Sanda in ta yi tsawo, fistin ba ya komawa mazauninsa, sai ya toshe ramin. Da safe motar za ta yi lafiya lau, direba ya yi godiya ya tafi. Amma ya ɗauki fasinja ya nufi Bauchi a zafin watan Afrilu, mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da hanyar komawa, sai ya riƙa danna boris kamar an ɗora ƙafa a feda. Kafin Alkaleri inji na ihu mota ba ta ja, warin ƙonewa ya cika ciki. Sabon faranti ya tafi ke nan, da kuɗin mai mota, da wahalar sauke giyabos karo na biyu. Mai shakka ya kwance notin iska a lokacin da kuloci ke sulɓewa: in mai ya feso da ƙarfi ba tare da an taka feda ba, kuma kuloci ya dawo daidai, ramin ne a toshe. A rage sandar.

In ta yi gajarta kuwa, kuloci ba ya saki gaba ɗaya, giya ta yi ta gurzawa.

Wasu motocin babu abin juyawa sam, sandarsu a ƙayyade take. Wasu kuma, irin su Opel Vectra B, masta na ƙasa da boris abu guda ne a cikin giyabos. Irin wannan a canja shi tare da faranti tun giyabos na ƙasa, domin in ya fara yoyo daga baya sai an sake saukewa, kuma man kan faranti yake zuba.

Bayan an ɗaure notin kulle, a tayar da mota a bar ta a silo. Taka feda har ƙasa, jira daƙiƙa uku, sa ribas. Ribas ake gwadawa saboda a motoci da yawa ba shi da abin daidaita gudu kamar sauran giyoyi, ba ya ɓoye laifi. In ya shiga shiru, kuloci na saki. Sannan a ɗago feda a hankali a ga inda ya fara kamawa, ya zama aƙalla milimita 25 daga ƙasa. In sai an yi famfon feda sau biyu giya ke shiga, akwai sauran iska. In an riƙe feda a ƙasa na rabin minti alhali giya na ciki sai mota ta fara jan jiki, robar masta ce ke barin mai ya koma. In kuwa feda ta yi ƙarfi, awo ya yi, amma giya ta ƙi shiga, laifin na ciki ne: ko an juya faranti baibai, ko ya lanƙwashe lokacin da aka bar nauyin giyabos ya rataya a kansa. Babu saitin da zai gyara wannan.

A gaya wa direba ya lallaɓa motar na kilomita 500 na farko, ban da lodi mai nauyi, ban da riƙe mota da kuloci a kan hawa. Bayan mako guda ya dawo a sake auna feda, a duba robar mai, a kuma shafa bayan feda da hannu, domin masta na sama in yana yoyo, ta nan yake ɗiga kan kafet.