Ku nemi sunan asalin magani kafin ku biya

'Yan uwa, in likita ya rubuta muku magani, ku roƙe shi ya sa sunan asalin sinadarin, ba sunan kamfani kaɗai ba.

Panadol paracetamol ne. Coartem na zazzaɓin cizon sauro artemether da lumefantrine ne. Augmentin kuwa amoxicillin ne da clavulanic acid.

Tun da GSK, kamfanin da ke yin Augmentin, ya sanar da barin Najeriya a 2023, Augmentin ya yi tashin gwauron zabo. Wasu kamfanonin kuma suna yin irinsa da sauƙin kuɗi. Ku ce wa mai kemis: "Akwai na wani kamfanin, ƙarfi ɗaya?"

In kuna cikin inshorar lafiya ta ma'aikata ta hukumar NHIA, abin ya fi muhimmanci. Jerin magungunan hukumar da sunan asali yake tafiya, kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin kawai za ku biya. Kuka nace sai na babban kamfani, galibi aljihunku ne zai ji a jikinsa.

Amma fa a kula. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In akwai wurin kankarewa a kwalin, ku kankare ku tura lambar ta saƙon waya kamar yadda aka rubuta a kwalin, don a tabbatar muku ba jabu ba ne. Arha da ta wuce hankali, ku bar ta, jabu ya yi yawa a kasuwa.

Masu shan maganin farfaɗiya ko na tsinka jini irin warfarin, kada ku sauya kamfani da kanku. Sai likitanku ya amince.