Kurakuran da muke yi wajen koya wa ɗalibai nazarin fim

Malamai da dama a nan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, sun fara nuna wa ɗalibai fim a aji. Abin farin ciki ne, amma yadda ake yi ɗin akwai gyara.

Babban kuskure shi ne a kunna fim na awa biyu, a ƙarshe malam ya miƙe ya ce, "To, me kuka koya?" Amsar da zai samu sananniya ce: a bi iyaye, a guji haɗama. Wannan wa'azi ne, yaron ya zo da shi daga gida tun kafin a kunna fim ɗin. Gara a ɗauki fitowa guda ta minti uku a kalle ta sau uku. Na farko yadda take. Na biyu a kashe sauti, ido kaɗai ya yi aiki: ina aka ajiye kyamara, wa aka haska, wa aka bari a duhu? Na uku kowa ya rufe ido ya saurara. A nan ne yaro zai ce, "Malam, ashe kiɗan nan ne ya sa na ji tsoro!"

Sai kuma mantawa da mai tace hoto, wato mai yanka hotunan fim ya jera su. Yara na ɗauka komai daga fuskar jarumi yake fitowa. Wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov ya gwada abin nan shekara ɗari da suka wuce: ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, ya jera ta da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da mace a kishingiɗe. 'Yan kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ita ce dai ba ta canza ba. Ba sai ka je NAFTI, makarantar fim da aka kafa a Accra a 1978, kafin ka maimaita wannan ba. Wayar hannu ta isa. Ni da kwanon waakye na yi nawa, kuma har yau yaran na musu cewa fuska ɗaya ce.

Akwai wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato raina na gida. Da an sa fim ɗin Kumawood, wato na nan Kumasi, ko na Kannywood sai dariya, wai ai ba kamar na Amurka ba. Ƙarancin kuɗi ba hujja ba ce. Tambayar ita ce, da ɗan abin da darakta ke da shi, me ya zaɓa ya yi? Wani lokaci ɗaki ɗaya da mutum biyu sun fi fashewar motoci goma faɗin magana. Kuma inda na gidan ya yi sakaci, kamar sautin da iska ta cinye ko fitowar da aka ja ba dalili, a faɗa.

Kada a bar ɗalibi ya tsaya a "ya yi daɗi" ko "bai yi ba". Wanda ya yanke hukunci ya kawo shaida: a minti na nawa, me aka gani, me aka ji. A ajina duk wanda ya ce fim bai yi ba, nakan miƙa masa rimot in ce ya nemo mana wurin.